Mai Gemu da Shirun Juyi

Zuwa ga Tartsatsi, jikar yayana,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya zaman kaɗaici? Mu nan sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, ta dama ma ta fara koyi da ita. Goggonki lafiya lau, bakinta ma lafiya lau. Dogo, mai buguna a maƙera, yana gaishe ki. Ya tsufa, masaba ta fara yi masa nauyi, amma in an faɗa masa sai ya yi fushi, shi ya sa nake faɗa masa kullum.

Kamar yadda aka saba, Mai Rediyo ne ke riƙe da alƙalami, ni ke da baki. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi mini kwalliya. Kuma kada ki sake cewa in karɓi waya. Maganar waya iska ce, ga kunnena ƙarfe ya cinye rabinsa. Takarda kuwa sai in sa a yi ta karanta mini har in haddace.

Wasiƙarki ta iso tare da ɗan katin nan mai kamar farce. An karanta mini. Ni na samu layi biyu a sama: Kaka ya jiki, ya gwiwa. Sauran duk na wani tsoho ne mai gemu har ƙirji, mai busa sarewa a cikin makaɗan da kika je kallo. Mai Gemu ya fito, Mai Gemu ya ɗaga hannu jama'a suka yi tsit, Mai Gemu ya busa kika yi kuka. Kuka! Ke da garwashi ya faɗo miki a ƙafa kina 'yar mitsitsiya, kika dube ni kika ce ba zafi, don kada in kore ki daga maƙera.

Sai na ce bari in ji abin da ya sa amaryata kuka. Mai Rediyo ya sa katin a akwatin rediyona. Da farko wani goge mai sanyi, na ce to, ba laifi. Ban rufe baki ba sai abu ya fashe, kamar an juye buhun ƙusa a kan kwanon rufi. Na ce lasifika ta yage. Ya ce ba ta yage ba. Na ce ni da akwatina? Na sa ya kwance ta ya ɗaura sabuwa, muka kunna, buhun ƙusa yana nan daram. Na ce jabu ya sa mini. Muka yi ta cacar baki har mai wankin mota ya tsallako titi rabo. Daga ƙarshe ya kunna a babbar lasifikar shagonsa, ya ce, "Baba, haka kiɗan yake. Da gangan suka yi." Da gangan! Mutum ya tara makaɗa cike da ɗaki don su kwaikwayi kukan lasifikar da ta yage.

Wai sunan kiɗan metal, wai ƙarfe ke nan da yarensu. Na ce su zo su nuna mini tabon hannunsu.

Sarewar dai na ji ta. Ba zan yi ƙarya ba, yana da numfashi. Amma da gemu ne sani, da bunsuru ya fi kowa. Maƙeri ba ya tara gemu, wuta ba ta bari, shi ya sa wanzami ba ya wuce ƙofata bai tsaya ba. Mai gemu har ƙirji bai taɓa sunkuyawa a kan wutar kirki ba.

Tambayata guda ce. Kin ce ba ki taɓa jin abin da ya shiga ƙashinki kamar wannan ba. Na sa Mai Rediyo ya maimaita, na sa ya ɗora mini yatsa a wurin, ko da yake ni da baƙaƙen nan sai kallo. Ba ki taɓa ba? To waƙar maƙerarmu fa, wadda kika yi barci a kanta kika farka a kanta? A fatar kunne ta tsaya?

Ki ci abinci. Ki riƙa rufe ƙofarki.

Naki, wanda ya samu layi biyu.

* * *

Zuwa ga Kaka, angona mai fushi,

Gaisuwa da ladabi. Na gode Allah da ciwon gwiwa bai hau zuwa harshe ba. Ni ƙalau nake. Ɗakin wankin asibiti yana nan yadda na gaya maka: zannuwan gado ba sa ƙarewa, injuna na juyi tun safe, tururi ya sa fuskata kamar an dafa. A gaida Goggo da Baba Dogo. A ba Mai Rediyo haƙuri, shi da lasifikarsa ba su da laifi.

Na yi dariya har abokiyar aikina ta zo ta taɓa mini goshi. An karanta maka daidai, kai ne ka ji a karkace. Bari in gaya maka abin, ka saurara da kunnen da ya rage.

Waƙarsu ɗaya sai ka ƙera lauje ka sa masa ƙota ba ta ƙare ba. Kuma ba ta tafiya a miƙe. Takan fara da goge masu yawa, manya da ƙanana, a hankali kamar ana hura gawayi. Sai masu ƙaho su shigo. Sai wata rundunar mawaƙa maza da mata daga baya, murya bisa murya. Sannan gita mai lantarki, wato buhun ƙusarka, da mai ganga da ke bugu da hannu biyu da ƙafa biyu kamar ana bin sa. Sai mawaƙin ya ɗauki murya ya kai ta can ƙololuwa ya riƙe, kana jira ta tsinke, ta ƙi tsinkewa. Labarai suke rerawa: na masuntan da ruwa ya ci, na garin da aka tashi aka bari, na uwa mai jiran ɗa a bakin hanya. Yarensu kaɗan na sani, amma ban taɓa neman tafinta ba. To a tsakiyar wannan guguwa sai kowa ya ja baya, a bar tsohon nan da 'yar sarewarsa ta itace, yana busa waƙar da kakarsa ke yi in tana saƙa. Duk wancan ƙarfi an tara shi ne don a ɗaga 'yar waƙar tsohuwa sama kowa ya gan ta. Abin da ya sa ni kuka ke nan. Da shi a kunne nake ninke zannuwa, in ba haka ba da kaɗaicin garin nan ya cinye ni.

Yanzu ga roƙo. Sun yi shela ga masoyansu: duk mai tsohuwar waƙar aiki ta gidansu ya aiko kafin su rufe karɓa, za su gina sababbin waƙoƙi a kan wasu, kuma tsohon ne zai zaɓa da kansa. Ina so ka rera mini waƙar maƙera, Mai Rediyo ya ɗauka a katin da na sako, in aika masa.

Ga dalili. Kiɗansu yana ɗingishi, Kaka. Kana bin bugun da ƙafa, kana jiran na gaba, sai a hana ka shi, a bar gurbi, sannan a dawo. Mutanen da ke gefena a wurin kallo sai su yi tafi a inda babu. Ni ban kuskure ko sau ɗaya ba. Wata ta tambaye ni ina na koya, na ce a gindin zugazugi. Ka tuna?

Hura, hura, gawayi ya farka,
Ƙarfe ya yi ja, ya daina gardama,
Bahago ya ba mu, ya bar yatsa jingina,

sai kowa ya ɗauke masaba. Ba bugu, ba murya, sai ƙarar awartaki yana juya ƙarfe. Sannan a dawo gaba ɗaya:

Mu ba ma biya sau biyu.

Ka ce mini sunansa shirun juyi. Ka ce kakanka Bahago ne ya dasa shi a cikin waƙar bayan mai bugunsa ya sauke masaba a kan yatsansa ana tsakiyar juyi, kuma duk wanda ya cike gurbin nan hannun wani ya ci. Ranar da na fara jin makaɗan nan sun yi shiru a inda ba a zata ba, ƙamshin gawayinka na ji. Ba sabon abu ne ya shiga ƙashina ba. Abin da ka sa a ciki ne suka taɓo.

Taka, Tartsatsi.

* * *

Tartsatsi,

Gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwa ba ta tambaye ki ba.

An fara karanta mini takardarki. Na jure wa goge, na jure wa ƙaho, na jure wa mai ganga da ƙafafunsa. Da aka zo kan roƙonki na ce Mai Rediyo ya tsaya nan. Ya ce, "Baba, akwai saura." Na ce na ji abin da zan ji, ya ninke ta. Ya sake buɗe baki na ɗaga masa sanda.

Wato ni in buɗe baki in zubo abin da kakana ya ba ubana, ubana ya ba ni da kakanki, a ƙunshe a kai wa Mai Gemu ya zaɓa. Ya zaɓa! Kamar tumatir a faifai, ya latsa wannan, ya shinshina wancan, ya ce a ƙara masa gyara.

Tun da kakanki ya kwanta dama, Allah ya jiƙansa, waƙar nan a bakina ni kaɗai take cikakkiya. Dogo amshi kawai ya sani. 'Ya'yana maza sun guje wa wuta, wannan direba, wancan mai shago, in sun zo gaishe ni sai su tsaya daga bakin ƙofa suna kaɗe riga. Ke kaɗai kika zauna. Uwarki ta yi faɗa, ta ce 'ya mace me take nema a cikin toka, na ce a bar mini ita. Ina rerawa kina kallon bakina. Na ɗauka mai gado nake reno, ashe 'yar aike ce.

Na ƙi. Goggonki ta ce in ji kunya, yarinya ba ta taɓa roƙona ko allura ba. Na kwana da abin, na tashi da shi, sai wata dabara ta zo mini na ce to.

Ga ta nan a kati. A shagon Mai Rediyo na rera, ina buga sanda a benci maimakon masaba. Na rera ta yadda ta dace da wanda za a kai wa. Kafin ki aika, ki zauna ke kaɗai, ki kakkaɓe Mai Gemu daga kunnenki, ki saurara da kyau. Sannan ki rubuto ki gaya mini: haka kika bar ta? Wannan amsar nake jira, ba ya jiki ya gwiwa ba.

Ƙanin kakanki.

* * *

Tartsatsi,

Gaisuwa, in har kina da wurin ajiye ta. Mu dai muna numfashi.

Direban da ke kawo saƙonki ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, hannunsa na dukan cinya. Har ya fara canza hanya in ya hango ni a kan benci. Shiru ma magana ce. Na fahimta: kin saurara, kin ji komai daidai, kin lulluɓe ta kin miƙa wa mutuminki. Madalla. Allah ya sa ya latsa ya ji ta nuna.

Katinki na farko yana nan. Ina kunna shi, ba don komai ba sai don in san abokin gabata. Na gano sarewarsa tana shigowa bayan mai muryar nan ya gama ihunsa na biyu, sai in tashi in je in duba wuta, in dawo in ya gama. Goggonki ta ce har a bayan gida ana jin akwatina. Na ce ta yi wa jikar yayana ƙorafi, ba ni na haifi hayaniyar ba.

Jiya mun gyara garma ni da Dogo, muna yi muna rerawa. Na dubi gindin zugazugi, inda kike zama a kan tsohon bokitin nan. Bokitin yana nan. Shi bai je kallon kowa ba.

Ba sai kin amsa ba.

* * *

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa mai yawa, ya gida, ya fama da Kaka? Ina lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba. Don Allah ki karanta wannan ke kaɗai, kada ta bi ta shagon Mai Rediyo.

Na saurari waƙar da Kaka ya aiko. Goggo, babu shirun juyi a ciki. Ya kai kan "ya bar yatsa jingina" ya zarce abinsa, sanda na bugu a inda bai kamata a yi bugu ba. Na ce ko na'ura ce ta yanke, na sake ji, na sake. Kowane zagaye haka ya yi. Mutumin da ya san wanda ya ƙera kowace fartanya a unguwa da wanda ya karya ta, shi ne ya manta abin da ya fi komai a wurinsa. Abin da ya ƙara tsinka mini zuciya, a takardarsa ya tambaye ni ko haka na bar ta. Kin gani? Shi kansa yana jin wani abu ya zube, bai san mene ne ba, kunya ta hana shi tambaya kai tsaye.

Na ɗauki alƙalami ban san sau nawa ba, na ajiye. Me zan ce masa? In na ce ya manta, na kashe shi da ransa.

Amma ba maganar waƙa kaɗai ba ce. Da waƙar nan suke aiki shi da Baba Dogo, ita ke gaya wa mai masaba lokacin da zai ɗauke hannu. In Kaka ya zarce a kan uwar maƙera yadda ya zarce a kan benci, masaba za ta sauka ana juyi. Ko hannunsa, ko na Baba Dogo. Ki nemi dabara ki hana su kunna wuta, ki ja Baba Dogo gefe ki gaya masa. Na sako magungunan ƙarin ƙarfi da 'yar takarda ta dabam da za a karanta masa. Ki lallaɓa shi, kada ya gane.

'Yarki.

* * *

Ke Tartsatsi!

Gaisuwar a taƙaice: ina lafiya, kaina lafiya, ya fi na duk wanda ke gidan nan lafiya. Mai Rediyo, rubuta da manyan baƙi.

'Yar takardarki ta iso da kwalbar ƙwayoyi. "Kaka, waƙa ta yi daɗi, ka riƙa hutawa." Ta yi daɗi! Na ce shi ke nan, an gama da ni, yarinya ta ci abinci ba gishiri ta ce a ƙaro. Ban ci komai ba ran nan.

Washegari na je maƙera na tarar da kwaɗo a ƙofa. Kwaɗo, a ƙofar maƙeri! Kamar a ɗaure kura da igiyar nama. Goggonki ta ce wai rufin ne ke yoyo. Na ɗaga kai na dubi sama, ko gajimaren rantsuwa babu. Daga nan kullum da safe sai ta durƙuso gabana da wata murya kamar mai lallashin jariri: "Baba, ka gane ni?" Na ce na gane ki sarai, ke ce kika yi fitsari a buhun gawayina kika ce kyanwa ce. Ta ce, "Allah sarki, na da ne kawai yake tunawa."

Kwaɗon bai dame ni ba, da ƙusa ɗaya na buɗe shi. Na hura wuta, na sa ƙarfe, ya yi ja, na kira Dogo. Ya zo ya tsaya. Na ce ɗauki masaba. Sai Dogo ya zura hannuwansa biyu a aljihu. Tun muna samari yake bugu ina juyi, ko ƙwarzane ban taɓa sa ya yi ba, shi ma bai taɓa yi mini ba. Ya dubi ƙasa ya ce, "Mu bari sai an kwana biyu, maigida." Ƙarfen ya huce a gabanmu muna kallo. Ban taɓa jin tsufa ba sai ran nan.

Na shiga gida na tayar da ƙura, har Goggonki ta gaji ta ɗauko takardar da kika rubuta mata ta karanta mini a tsaye.

Wai na manta shirun juyi. Ni! Zan manta sunana ban manta shi ba. Nan take na tara su, ita da Dogo da Mai Rediyo, na rera ta daga hura hura har ƙarshe, na yi shiru a inda ake shiru, har ana jin kazar maƙwabta. Dogo ya share ido. Goggonki kuwa ta ce, "Yau ka tuna. Ran nan fa?" Na ce ran nan ma ina sane. Ta ce, "To me ya sa ka cike gurbin?" Na ce ba ruwanta. Ta ɗaga sabon kwaɗo, wanda ya fi na farko, ta ce, "Baba, biyu ne. Ko dai mantuwa ta kama ka, in rufe maƙera har abada. Ko kuwa kishi kake da wani tsoho da ba ka taɓa gani ba, mai zama a cikin katin da bai kai farce ba. Zaɓi ɗaya, a gaban mutane."

Dogo na kallona. Mai Rediyo ya cusa hula a baki.

To, Mai Rediyo, rubuta abin da na faɗa musu. Ka rubuta mana, me kake jira? Kishi ne.

Da gangan na miƙar da ita. Na ce in har za a kai wa Mai Gemu, to gangar jiki zai samu, ran yana nan wurina. Na kuma ce in gani ko kunnenki yana nan ko ya tafi da shi. Goggonki ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, yanzu duk unguwa an ji, mai wankin mota in na wuce sai ya shafa haɓa.

Amma tsaya. Na sa ta maimaita mini wuri ɗaya a takardar taki: "sanda na bugu a inda bai kamata a yi bugu ba." Kin ji ke nan. Daga can, cikin ƙarar injunanki da buhun ƙusarki, kin ji. Mai Rediyo da ya ɗauka da hannunsa bai ji ba.

Ban yafe miki ƙwayoyin ba.

Angonki.

* * *

Kaka,

Gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba. Ina lafiya yanzu. Kafin takardarka ta zo ba na iya cin abinci, na ƙona zanen gado da dutsen guga har shugabar ɗakinmu ta tambaye ni ko an yi mini rasuwa. Na ce kusan haka. Ashe mamacin yana can yana buga sanda a benci yana jin daɗinsa.

Na yi kuka, na yi dariya, sannan na yi fushi, kuma a kan fushin nake har yanzu.

Ban aika waƙar ba. Yaya zan miƙa wa mutane waƙar da ke cin hannu in ce ta gidanmu ce? Na yi tunanin in rera da kaina, amma muryarka nake so su ji. Ina cikin wannan har suka rufe karɓa. Wata da muke zuwa kallo tare ta aika ta kakarta, ta masu sussuka, an ce tana cikin waɗanda aka ware. Na taya ta murna da baki. Kishi dai ka san gadon gidanmu ne.

Abu ɗaya nake so. Takardar nan da ka sa aka ninke, ka ɗaga wa bawan Allah sanda a kanta, ka sa a karanta maka ita har ƙarshe. In an gama sai ka gaya mini wanda ya samu layi biyu.

Zan samu hutu in an sake rabon aiki. Ina zuwa. A wanke mini bokitina.

Tartsatsi.

* * *

Amaryata,

Gaisuwa mai yawa. Gwiwa da sauƙi. An cire kwaɗo. Dogo ya fitar da hannu daga aljihu, mun ƙera gatari, da muka kai kan juyi ya ɗauke masaba ya dube ni ya yi wata dariyar banza. Na ƙyale shi.

An karanta mini sauran takardar. Na sa an maimaita. Mai Rediyo ya tambaye ni hayaƙin me ya shiga mini ido, alhali a shagonsa babu wuta. Na ce ya rubuta abin da aka sa shi.

Na jawo miki asara, na sani. Ba na iya maganar da ake yi a irin wannan wuri, bakina bai saba ba. Ga abin da na iya. Waƙar nan ba ta benci ba ce. Ki zo da na'urarki, mu hura wuta, Dogo ya ɗauki masaba, ke ki riƙe awartaki. Ke za ki yi juyin, lokaci ya yi. A ɗauka da ƙarar komai. Sannan ki aika wa mutumin, ko sun rufe ko ba su rufe ba. In tsohon kirki ne zai buɗe. In ya ƙi, kin san dai bunsuru ne.

Na daina tashi duba wuta in sarewarsa ta shigo. Kuma bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba: rabona da in ji kiɗa sosai ba tare da na kama kunne da hannu ba, tun kafin a haife ki. Wannan hayaniyar taki ita kaɗai ke isa inda nake. Na bi mai gangar nan da sanda, na same shi yana barin gurbi, ba ya cikewa. Wannan yaron wani ya rene shi. A gaishe shi. Shi kaɗai.

In kin tashi zuwa ki taho da hoton Mai Gemu, wanda ya fito sosai, daga haɓa zuwa ƙirji. Wanzami ya zo yau da safe na sallame shi, na ce kada in sake ganinsa sai na aika. Goggonki ta tambayi dalili, na ce ba ruwanta. Ke ma ba ruwanki.

Naki, tun kafin a san da wani.